Ƙarin Kawu a Cikin Firiza

Shekara shida ina aiki a ɗakin ajiyar samfura na asibiti, amma in aka tambayi Kawu aikina, cewa yake, "Gadin firji take yi." Bai yi ƙarya sosai ba. Ɗakin a ƙasan bene yake, ba taga, firiza huɗu ne a jere suna gurnani. In an yi wa mai ciwon daji tiyata kuma ya amince, sai a kawo mana ɗan guntun abin da aka cire da kwalaben jini biyu. Mu rarraba, mu manna lamba, mu ajiye cikin sanyin da ko yatsa ka sa ba safar hannu sai ya ƙone. Masu bincike ke zuwa nema daga baya.

Kawu yayan Umma ne, tsohon hedimasta, mutum mai son ganin sunansa a rubuce. Yana jikin ƙofar gidansa, yana bayan kujerun roba, yana jikin tsaninsa da jan fenti, duk da ba a taɓa samun wanda ya ci nasarar aron tsanin nan ba.

Da aka gano ƙari a hanjinsa, duk mun tsorata. Ya rame har agogo na zamowa daga hannunsa. Ana gobe tiyata, Sista, babbar nas ɗin sashenmu, ta kai masa takardar amincewa, don doka ta hana ni karɓar ta ɗan uwa. Ya sa tabarau, ya zaro jan biro, ya yi awa guda a kan shafi uku. Ya gyara waƙafi biyu.

"Wato abin da za ku zubar ne kuke roƙona?" ya tambaye ta.

"Ragowar abin da likita ya gama dubawa, Baba."

"To ku ɗauka."

Matarsa, wadda muke kira Inna, ta ɗaga hannu sama. "Alhamdulillahi. Shekara arba'in da ɗaya ina zaune da kai, yau na ga ka yi kyauta. Ko da yake abin da ke neman kashe ka ne ka bayar."

Tiyata ta yi kyau. Bayan sati shida ina jera kwalaye sai na ji sanda na ƙwanƙwasa ƙofa. Kawu ne cikin kayan fita, Inna na bayansa riƙe da jaka.

"Na zo ganin ajiyata," in ji shi.

Dakta, shugabar ɗakin, ta ce ya tsaya daga bakin ƙofa. Na sa safar hannu na buɗe firiza ta biyu, hayaƙin sanyi ya zubo, kwalaye farare reras. Ban kai ƙirga goma ba na rufe.

"Wanne ne nawa?"

"Kawu, ba a sa suna. Lamba ce."

"Lamba? Kamar fursuna?"

"Don kare sirrinka ne."

"Wa ya ce miki ina da sirri? Duk layinmu sun san an yanke ni. Ni na gaya musu!"

Dakta ta ɗauko takardar da ya sa wa hannu, ta buɗe shafi na biyu, ta nuna masa layin da ya ce ba za a sa sunan kowa ba. Jan waƙafinsa na zaune daram a tsakiyar layin.

Kawu ya gyara murya. "To me kuka gano a ciki?"

"Ba komai tukuna, Baba. Sai an tara irinsa ɗaruruwa an kwatanta. Yana iya kai shekara goma, kuma gaskiya ba lalle kai ka amfana ba."

"Madalla. Ba suna, ba magani, ba ko godiya a jarida. Wannan sana'a taku ta yi albarka. A ba ni kayana."

Dakta ba ta ɗaga murya ba. Ta ce haƙƙinsa ne ya janye duk ranar da ya so, amma ba a miƙa wa mutum a leda, ƙonawa ake yi. Ta ba shi takardar janyewa. Ya naɗe ta ya ba Inna ta sa a jaka, ya fita ko sallama bai yi mini ba.

Kunya ta hana ni kallon Dakta har aka tashi. Ina isa gida Umma ta tare ni. "Ke ba za ki ɗan rubuta sunan a jikin kwalin ba, yayana ya huta?"

"Umma, korata za a yi."

"Daga gadin firjin? Ai kuwa da an yi babban rashi."

Sati uku takardar na yawo a jakar Inna. Kullum Kawu sai ya ce gobe zai sa hannu.

Ranar da aka yi masa ƙarin ruwan maganin ciwon daji karo na biyu na hau sama in gaishe shi. A kujerar kusa da shi akwai wani direban babbar mota, ƙato, wanda za a yi wa tiyata bayan an gama ba shi magani. Sista na yi masa bayanin takardar amincewa, shi kuma yana girgiza kai.

"An ce sayar da naman mutane kuke yi a ƙasashen waje," in ji direban.

Kawu ba ya iya jin magana marar kai ya yi shiru, ko da allura a hannunsa. Ya juyo.

"Bawan Allah, wa zai sayi hanjinka? Kai da kanka nema kake a raba ka da shi. Na ga wurin da idona. Sanyi ne da lambobi, ko sunanka ba za su sa ba, don kada wani ya san cutarka. Da ba a ajiye na waɗanda suka riga mu an duba ba, wannan ruwan da ke shiga jikinka daga rijiya za a ɗebo shi?"

"Kai ka bayar ne, Baba?"

"Tun tuni."

"Ba ka yi da-na-sani ba?"

Inna ta yi tari, ta buɗe jaka ta leƙa ciki, ta rufe a hankali. Kawu bai kalle ta ba.

"Ko kaɗan," ya ce.

Sista ta katse shi, ta ce ba a matsa wa kowa, kuma ba a yin aji a ɗakin marasa lafiya. Direban ya ce zai yi tunani. Bai sa hannu ba.

Daga ranar maganar janyewa ta mutu. Mutumin da ya faɗi haka gaban majinyata tara ba shi da hanyar komawa, kuma Inna ta tabbatar bai manta ba. Abin da ya dame shi yanzu direban ne. Ya ce shekara talatin bai taɓa barin ɗalibi bai gane darasi ba. Ya rubuto hujjoji biyar a bayan katin asibiti, ya sa na duba masa ko akwai kuskure, karo na farko da ya taɓa tambayata wani abu game da aikina.

A zuwansa na uku, kujerar kusa da shi wata tsohuwa ce a kai. Zuwa na huɗu ma haka. Ya kira Sista ya tambaye ta labarin direban. Ta ce ba ta da izinin faɗa. Mai shara ce ta gaya wa Inna a baranda cewa 'yan uwan direban sun mayar da shi garinsu, jikin ya ƙi ɗaukar maganin, tiyatar ma an fasa.

Da Inna ta faɗa masa, Kawu ya daɗe yana kallon katin hujjojin a hannunsa. Ranar ce kuma ranar ɗiban jininsa na cikar wata uku, wanda ake haɗawa da samfurin farko. Mai ɗiban jini ta tsaya da tirenta tana jira.

Ya naɗe hannun riga da kansa.

"Kwalba nawa?"

"Biyu, Baba."

"Cika su sosai," ya ce. "Kuma ki nemi jijiyar da kyau, wancan karon kamar mai haƙar gyaɗa kika yi."