Tunkiyar Intalla

Ranar Alhamis ce, jajibirin kasuwar Dakoro, a tsakiyar bazara. Hadari ya taso daga gabas tun hantsi, ya tsaya yana yi wa gari gwalo, ko ɗigo bai sauke ba. Zakiru na cikin garken Alhaji Sha'ibu dillali yana shara. Tun da ya bar lakwal, wato makarantar boko, yake wannan aiki duk jajibiri: ya share garke, ya ɗebo ruwa a bido, wato jarka, gari ya waye ya kora bisashe kasuwa.

Ba lada kaɗai ke kawo shi ba. A gida suna da tunkiya guda, kuma ba tasu ba ce. Intalla, wani makiyayin Azagor, aminin marigayi babansa, shi ya ba Hafsatu, innar Zakiru, ita habbanaye: su riƙe ta, abin da ta haifa nasu ne, uwar kuma a mayar wa mai ita lafiya. Ga cikinta ya tsufa, ga ciyawa ta ƙare a daji. Shi ya sa Zakiru kan jawo ta garken ta lashe abin da raguna suka rage. Alhaji ya sani sarai.

Da la'asar Alhaji ya shigo da buhu a bayan moto.

"Kai, ɗan lakwal! Dubi ragunan nan na Samba, kamar an shanya fata a kan kara. Wa zai taya su gobe? Jiƙa geron nan ka haɗa da dusa, ka zuba kanwa da gishiri hannu biyu-biyu. Kada su ga ruwa sai da safe. In sun sha, cikinsu ya fito."

"Alhaji, jiya suka iso daga Tagriss a ƙafa. Ba su san hatsi ba."

"To, likitan bisashe! Hannunka na ɗauka aiki ko bakinka?"

Zakiru ya jiƙa geron, ya dama. Raguna suka afka wa kwatarniya. Tunkiyar ma ta kutsa kai tsakaninsu. Ya gan ta, bai kore ta ba. Har daɗi ya ji, yau ga gero kyauta. Ya bar ta ta kwana nan.

Da safe ya juye masu ruwa, suka sha kamar ba za su ɗago ba. Kafin rana ta yi zafi cikkuna sun kumbura kamar ganga. Na farko ya durƙusa, kumfa na fita ta bakinsa, na biyu ya bi shi. Alhaji ya zaro wuƙa yana bin su ɗai-ɗai yana yankawa, waya maƙale a kafaɗa yana kiran mahauci.

Sai Zakiru ya hango tunkiyar a kwance jikin danga tana shure-shure.

"Alhaji, wuƙar! Don Allah yanka ta kafin ta cika!"

"Bari in gama da na mutane."

"Ita ma ta mutane ce! Amana ce!"

"Amanar uwarka, ba tawa ba. Riƙe mini ƙafar wannan!"

Kuma ya riƙe. Abin da ke ci masa rai har yau ke nan: ya riƙe. Ko da ya saki ya ruga, ta daina motsi. Ta zama mushe, ko naman ba a ci.

Samba mai ragunan ya iso da sandarsa, ya tsaya yana kallon jini. Alhaji ya goge wuƙa, ya nuna Zakiru da ita.

"Yaron nan ne. Na ce ya ba su 'yar dusa, ya juye masu gero don ya ƙosar da tunkiyar uwarsa. Ga ta can, shaida."

"Ƙarya kake yi!" Zakiru ya yi jifa da bido har ya fashe. "Kai ka kawo buhun! Kai ka ce in hana su ruwa!"

Wani dattijo cikin 'yan kallo ya kwaɗa masa mari. "Babba kake ce wa yana ƙarya? Haka aka koya maku a lakwal ɗin?"

Aka yi ta Allah wadai da yaran zamani. Ba wanda ya tambayi wa ya sayo kanwar. Busasshiyar dusa dai na nan a hannun Zakiru har gwiwar hannu, hannun Alhaji kuwa ya sha wanki.

Shi kaɗai ya ja mushen da igiya zuwa bayan gari, karnuka na biye da shi. Inna Hafsatu ba ta yi kuka ba. Ta dube shi ta ce, "Kai ka kai ta can. Kai za ka je Azagor ka faɗa wa Intalla da bakinka."

A bayan motar kasuwa mai zuwa Azagor, yana kan buhuna, ya rantse ba zai ƙara dama abin da zuciyarsa ta ƙi ba, ko wa ya sa shi. Rantsuwar ba ta maido da komai ba.

Raguna huɗu na Samba sun tafi a farashin nama. Tunkiyar Intalla ta tafi da abin da ke cikinta. Bido guda ya fashe. Zakiru ya rasa aikin, kuma duk kasuwar Dakoro babu dillalin da ya ƙara miƙa masa igiya.