Hanyar Cikin Bahar

"Yumma, don mi Baba ya ce kar in gaya miki mun bi ta cikin bahar?"

Kausar ce ta yi tambayar, bakinta cike da kisra, siririyar wainar dawa. Shekararta biyar, kuma ba ta iya riƙe magana ta wuce kwana biyu. Zamzam, uwarta, tana zaune a bakin angarib, gadon katako mai saƙar igiya, tana ba jariri nono. Ta ɗaga kai ta dubi mijinta. Bilyaminu ya ajiye ƙaramin kofin jabana, wato gahawa, a hankali, ya shiga duban ragon da ke ɗaure a gindin bedi kamar yau ya fara ganinsa.

"Abu Kausar, wane bahar?" Zamzam ta tambaye shi.

"Yarinya ce, surutu take."

"Ba surutu ba ne," in ji Kausar. "Ƙasar duk ta tsattsage, kuma ni ce a gaba, na riƙe ƙahon babur. Baba ya ce in rufe baki kar iska ta shiga."

Ƙauyensu yana bakin babban tafkin da madatsar ruwa ta tara a kudu da Damazin, kuma kowa bahar yake ce masa. Idan rani ya yi nisa, ruwa yakan ja baya ya bar fili shimfiɗe, laka zalla, rana ta gasa samanta har ta yi ɓawo mai tsage-tsage. Tsallaken wannan fili akwai ƙauyen da Ibtisam, ƙanwar Bilyaminu, take aure. Ta hanyar mota, wadda ke zagaye, tafiyar awa biyu ce. Ta kan lakar kuwa, mai babur yakan isa kafin shayi ya huce. Gobe da sassafe za a yi sunan ɗan Ibtisam, Bilyaminu ne ya yi alkawarin rago, kuma ya ce bayan la'asar zai kai shi, tare da Kausar, su kwana can.

"Yau ma ta nan za ka bi da ita?" Zamzam ta tambaya.

"Ke ya Zamzam, banzin nawa kike gani a garin nan? Abin da ke cikin tankina ba zai zagaye ba. Kowa ta nan yake bi. Sawu ya fito raɗau, makaho ma ba zai ɓata ba."

"Sawun wa?"

"Sawun mutane mana. Sun wuce lafiya lau."

"Jiya suka wuce."

Ya yi dariya, ya ce ɗiyar masunta ta fara wa'azi, ya shafa kan Kausar ya fita.

Ita kuwa ɗiyar masunta ce da gaske. Ta tashi tana bin ubanta a kan irin wannan laka, kuma bai taɓa taka ta ba sai da gora a hannu. Shi ya koya mata cewa tsaga mai faɗi, wadda hannu zai shiga har gwiwa ya fito da ƙura, ita ce ta bushe da gaske. Tsaga siririya mai baƙin baki kuwa, ruwa na kwance a ƙarƙashinta. Ya koya mata cewa akwai tsohuwar ƙorama da ta ratsa filin tun kafin ruwa ya rufe shi, kuma lakar da ta cika ta ba ta taɓa bushewa har ƙasa. Abin da ya fi damunta shi ne maganar da maƙwabciyarta Hanaa ta yi mata shekaranjiya: ramin da mata ke ɗibar ruwa a bakin gaɓa ya cika da kansa, alhali sama ko gajimare babu. A shekarun nan ruwa ya daina bin lokacinsa. Idan ya tashi a rami, to ya tashi a ƙarƙashin filin ma.

Sai dai kwananta ashirin da uku da haihuwa. Mai jego ba ta taka ƙofar gida sai ta yi arba'in, kuma surukarta, Hajja Yalwa, tana zaune a rumfa tana gadin wannan doka kamar yadda take gadin sukarinta.

Da azahar ta wuce, zafi ya kwantar da kowa. Hajja Yalwa ta yi barci da mafici a kan ƙirji. Zamzam ta kwantar da jariri kusa da ita, ta yafa tob, dogon mayafinta, ta zaro gorar da ake tokare igiyar shanya, ta fita ta ƙofar baya.

Ƙafafunta ba su da ƙarfi, ƙasa kuma tana ƙuna ta cikin takalmi. Ta sauka gaɓa ta bi sawun babura, tana tafiya tana soka gora. Taku ɗari na farko gorar ƙin shiga ta yi. A na biyu ta shiga kaɗan, ta fito da busasshiyar ƙasa. Da ta kusa taku ɗari uku sai ta ga launin filin ya sauya, tsagogin sun ƙanƙance, bakinsu ya yi duhu. Ta tsaya. Ta miƙa hannu ta soka gorar a tsakiyar sawun, ta danna. Ɓawon ya yi ƙara kamar an taka busasshiyar ƙwarya, kaurinsa bai wuce taƙi ɗaya ba, daga nan gorar ta zarce da kanta. Sai da ta riƙe ta da hannu biyu. Da ta jawo ta, baƙar laka mai wari ta shafe ta har tsayin kafaɗarta, tana ɗiga.

Ta koma gida ta tarar Hajja Yalwa ta farka, jariri na kuka a hannunta.

"Ina kika tahi? Mai jego a rana tsaka? Ke kina da hankali kuwa? Iska ta shige ki, wa zai shayar da wanga yaro?"

"Inna, ki yi haƙuri. Dubi wannan."

"In dubi sanda? Ni sanda za ki nuna wa?"

Bilyaminu ya shigo ana cikin haka, ya sa jallabiyarsa fara. Zamzam ta miƙa masa gorar, ta gaya masa inda ta soka da abin da ta gani, ba ta ɗaga murya ba. Ya taɓa lakar da yatsa, ya goge a jikin bedi.

"Na ji. Amma ke tsayawa kika yi kina dannawa. Babur ba ya tsayawa. In na buɗe mishi wuta, kafin ƙasar ta san da ni na wuce. Haka kowa ke yi a wurin nan."

"Da rago a baya?"

"Rago ɗaure yake."

"To ka tafi da ragonka. Kausar ba ta zuwa."

"Ba ta zuwa sunan ɗan gwaggonta?" in ji Hajja Yalwa. "Ke ba ki zuwa, ni ƙafa ta hana, ita ma a hana ta? Mi Ibtisam za ta ce? Gidan yayanta ba mace ko ɗaya?"

"Ta ce abin da za ta ce, Inna. Ni zan ba ta haƙuri."

Kausar ta riga ta sa rigarta ta Salla, an yi mata ƙunshi tun jiya. Da ta gane da ita ake, sai ta fasa ihu, ta ruga wajen ubanta. Zamzam ta kama hannunta, ta zauna a ƙofar ɗaki, ta ɗora ta a cinya ta rungume. Yarinyar tana shure-shure, dugaduganta suna dukan cikin uwar da bai gama warkewa ba. Zamzam ta cije leɓe.

"Abu Kausar, ban taɓa tare maka hanya ba tun da aka kawo ni gidan nan. Yau sai dai ka ɓamɓare ta daga jikina."

Ya tsaya yana dubanta. Uwarsa na faɗa, ɗiyarsa na kiransa, jariri na kuka. Ya ce, "Halas, shi ke nan," ya juya. Ya ɗaure ƙafafun ragon, ya ɗora shi a bayan babur ya zagaye da igiya, ya tayar, ya fita ba sallama.

Zamzam ta saurari ƙarar babur tana sauka gaɓa. Ta yi niyyar zama, amma zaman ya gagara. Ta tura Kausar hannun kakarta, ta ɗauki gorar, wannan karon ta ƙofar gaba ta fita.

Daga kan gaɓa ta hango shi. Farar jallabiya a kan fili mai toka-toka, ƙura siririya na bin sa. Gudu yake sosai, kamar yadda ya ce. A ƙarƙashin wata ƙirya Baba Mamuda, tsohon masunci, yana gyaran taru tare da maza uku, su ma suka ɗaga kai. Babur ya kai inda launi ya sauya, ya shiga, har ya yi 'yan takuna a ciki. Sai ragon ya zabura, ya karkata gefe guda. Bilyaminu ya sassauta gudu, ya kai hannu baya don ya gyara shi. Ƙafar gaba ta nutse lokaci ɗaya, bayan babur ya ɗaga sama.

Mazan suka zubar da taru suka ruga.

"Ku tsaya!" Zamzam ba ta san tana da irin wannan murya ba. "Ku huɗu za ku taka wurin? Ku ɗauko ƙyaure! Angarib! Igiyar jirgi!"

"Gaskiyar yarinya," in ji Baba Mamuda. "Kai, cire ƙyauren rumfar can. Ku biyu ku kawo gado."

Ita ta shiga gaba, domin ramukan da ta soka da azahar suna nan a jere, kuma ta san na ƙarshe mai aminci. A nan ta gitta gorar ta ce kowa ya tsaya. Tsakaninsu da Bilyaminu kamar taku goma sha biyar. Laka ta kai masa ƙugu. Hannuwansa biyu suna ƙarƙashinta, yana riƙe da ƙahon babur, yana ja, kuma duk jan da ya yi sai ya ƙara sauka. Ragon na kuka a kan abin da ya rage a waje.

"Abu Kausar, saki babur!"

"Zai fito! Ku miƙo igiya in ɗaure shi!"

"Saki, na ce! Daina motsa ƙafa. Kwanta ta baya, buɗe hannuwanka!"

"Ya waladi, ɗana, ji maganar matarka," in ji Baba Mamuda. "Ƙarfe ne, ana saye. Kwanta."

Sai da laka ta taɓa haƙarƙarinsa sannan ya saki. Aka shimfiɗa ƙyauren kwano a kan ɓawon, aka tura angarib a kife gabansa. Baba Mamuda, da yake shi ne mafi rashin nauyi, ya kwanta rub da ciki ya ja jiki a kansu, igiya a haƙoransa. Ya jefa sau biyu bai kai ba. A na uku Bilyaminu ya kama, ya zura ta ƙarƙashin hammatarsa. Mazan suka so su fizga, Zamzam ta hana, ta ce a ja kaɗan a dakata, laka sai an lallashe ta take saki. Haka suka yi har inuwarsu ta yi tsawo. Da ya fito ba takalmi, ba wando, gwiwarsa ta dama ta goce. Kukan ragon ya riga ya tsaya. Babu wanda ya waiwaya ya duba.

A kan angarib ɗin aka ɗauko shi zuwa gida. Hajja Yalwa ta gan shi ta saki salati, ta zauna daɓas a ƙasa. Zamzam ta ɗora ruwa a wuta, ta wanke masa lakar da ta shiga har cikin kunnuwa. Bai dube ta ba. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Gaban ne ya fara shiga. Tankin gaba ɗaya, kafin in ƙifta ido." Idonsa na kan Kausar, wadda ta ɓuya bayan kakarta cikin rigar Salla. Zamzam ta ci gaba da matse tsumma.

Ba a kira magariba ba tukuna sai ta ji ƙarar wani babur yana sauka gaɓa, da muryar mace a baya tana dariya. Baƙi ne masu zuwa suna, daga wani ƙauye, ba su ji labari ba. Ta ajiye tsumman ta fita da gudu tana kira, Hanaa ma ta fito tana kira. Suka sha gabansu da ƙyar. Mai babur ɗin ya saurare su, ya dubi filin, ya ce ai ga sawu nan sabo, in ya ratse kaɗan ta hagu zai wuce. Sai da Baba Mamuda ya zare makullin da hannunsa. Zamzam ta koma gida tana tunanin waɗanda za su zo gobe da sassafe, lokacin da ba kowa a bakin gaɓa.

Kai mai karatu, idan hanya ta kai ka bakin tafkin da ruwansa ya ja, kada busasshen sama ya ruɗe ka, kada kuma ka amince da sawun wani, domin wanda ya wuce ya riga ya raunana wurin ya bar maka. Gudu ba zai ɗauke ka ba. Sauka ka tambayi masuntan wurin, ka soka sanda da hannunka, in ta fito da danshi ka juya ka zagaye, ko da za ka tura babur ɗin da ƙafa. Yaro kuwa, kada ka ɗora shi a kan wannan hanya, ko an rantse maka ta bushe.