Ɗan Barewa a Rigar Baba Gombo

Duk shekara idan bareyi suka fara haihuwa a gandun dajin hamadar Gobi, hukuma kan ɗauko Yanjmaa, ma'aikaciyar kare namun daji, ta zauna wa masu aikin hanya a wuya. Kayan aikinta madubin hangen nesa ne da jar tuta. In ta kafa tutar nan kowane inji sai ya yi shiru, kuma ba ta taɓa jin nauyin kowa wajen kafa ta ba.

Ran nan da hantsi tana kurɓar shayi mai gishiri a inuwar tankar ruwa, sai ga Baba Gombo direban katafila, hannu tallafe da ƙirjin rigarsa. Tsohon makiyayi ne. Wani mugun sanyi ne ya share masa garke, ya koma tuƙi.

"'Yata, zo ki ga maraya," in ji shi, baki har kunne.

Ya buɗe rigar. Ɗan barewa ne, cibiyarsa ko bushewa ba ta yi ba. Ya tsince shi kwance shi kaɗai a gaban katafila, ya yi masa abin da makiyayi ke yi wa ɗan tunkiyar da aka haifa a fili, wato ya cusa shi a ƙirji.

Yanjmaa ta ajiye shayin. "Haba Baba, ai wannan ba maraya ba ne! Uwar ce ta ɓoye shi ta tafi kiwo. In ta dawo ba ta gan shi ba, ko ƙarar inji ta kore ta, mutuwa zai yi. Ba sa rayuwa a hannun mutum."

Fara'ar tsohon ta ɗauke. Ya kai ta wurin ba musu. Ta goge ɗan da busasshiyar ciyawa, ta kwantar da shi inda yake, ta kafa tutarta.

Sai ga Tumur shugaban aiki, yana huci. "Yanjmaa! Saboda abin da bai cika tukunya ba za ki tsayar mini da hanya?"

"Hanyar ba guduwa za ta yi ba, Yaya Tumur."

"To yaushe uwar za ta zo?"

"Ba mu yi alkawari da ita ba. Kwashe mutanenka ku koma bayan tudu."

Ya yi ta mita, amma ya kwashe su. Suka kwanta rub da ciki a kan tudun, rana na gasa musu ƙeya. Yanjmaa ba ta sauke madubin ba.

Can sai ga barewar, tana tafiya tana tsayawa. Ta sunsuni ɗan, ta yi tsalle baya. Warin taba da na man inji bai gama fita ba. Ɗan ya miƙe yana tangaɗi ya nufe ta, ta kauce.

A gefenta Yanjmaa ta ji Baba Gombo ya fara rera abin da makiyaya ke rera wa tunkiyar da ta ƙi ɗanta, can ƙasa-ƙasa. Doka ta ce a yi tsit. Ta buɗe baki za ta hana shi, ta ga idonsa ya ciko, ta ƙyale.

Ko waƙar ce, ko nono ne ya cika mata, oho. Barewar dai ta tsaya cak, ɗan ya kama.

"To madalla," in ji Tumur. "Cire tutarki."

"Sai sun ɓace mini a madubi."

Tumur ya juya ga tsohon. "Baba, kai dai tashi ka ɗuma injin."

Baba Gombo bai motsa ba. Hannunsa na cikin rigar, daidai inda ɗan ya kwanta.

"Bari ya ƙoshi tukuna, ɗana," ya ce. "Tun da garkena ya ƙare ban ƙara jin ɗumin abu mai rai a nan ba."