Mazaunina Hagun Maigida

Kun gan ni kullum zaune hagun maigida? To, ba iyayi ba ne.

Tun da anka kai ni ɗakinshi a Galma da kirci na iske shi: wuya, bayan kunne, har fatar ido. In ya taso, fata ta yi ta ɓarewa, idanu su kaɗa jawur, gashin ido ya manne da kwantsa. Ni dai na gane ciwon fatar da na idon tare suke tahiya. Shekara shida, kowace safiya ina gasa mishi ido da ruwan ɗumi, in shafa man shanu. Na kuma kafa doka: ranar da mata ke sheƙa, kar in gan shi kusa da masussuka, don ba abin da ke tada ciwon kamar ƙaiƙayin hatsi. Wallahi har ya yi sumul, kamar ba shi ba.

Shekarar da yaƙin Nasara ya tashi, bayan kaka, sai ga gardi, ɗan sandan Nasara, da sunayen waɗanda za a kai Madawa, lokotoro, likitan Nasara, ya duba su a ɗauke su soja. Har da na maigida. Ƙanen babana da anka ɗauka a yaƙin farko, ko hularshi ba ta dawo ba. Kowa kuma ya san lokotoro ba shi ɗaukar mai ciwon ido.

Na dubi mutumin nan, fata lafiya lau, ido garau. Aikin hannuna!

Na ce, "Maigida, gobe maƙwabciyarmu Balki na sheƙa. Ka tahi ka zauna inda iska ke kaiwa."

Ya ce, "Sabuwa, ke ce da wannan magana?"

"Ni ce. Jinya na iya. Takaba ce ban iya ba."

Kwana uku shina zaune cikin ƙaiƙayi, mata na yi mishi tsiya, wai namiji ya zo koyon sheƙa. Na ɓoye man shanun. Shina susa, ni ina juya baya, hannuna na neman tukunyar ruwan ɗumi ina hana shi.

Lokotoro ko taɓa shi bai yi ba, da hannu ya yi nuni a fitar da shi. Da ya dawo, har guɗa na yi. Na ce kwana goma sun ishe ni in gyara abina, ai na san hannuna.

Fatar ta kwanta. Idon dama ya washe. Na hagu kuwa hakiya ta zauna a kai, fara fat, ba ta tashi ba har yau.

Bai taɓa ɗora mini laifi ba. Da faɗa ya yi, da na samu sauƙi. Abu guda ya roƙa: "Ki riƙa zama ta wannan gefen, in wani abu ya taho ki gaya mini."

Shekara takwas ke nan ina nan. Ni ina ganinshi sarai. Shi sai ya juyo kafin ya gan ni.