Ƙarfen Tsakiyar Gona

A shekarun ƙarshe na mulkin Faransa aka yi wata damina mai kyau a Arewa. Hatsi ya fito, ciyawa ta biyo shi a guje. Ana shirin noman fari sai motar kumandan ta sauke wani baƙo a gonar Gado, gabas da Dogon Dutsi. Ba wanda ya tambayi Gado. Ya zo da safe da hauya a kafaɗa, ya tarar da tanti a tsakiyar gonarsa.

Baƙon ba Bafaranshe ba ne. Mani tafinta ya ce daga ƙasar Japan ya fito, sunansa Kuwabara, malami ne babba a can. Tun yana saurayi ba ya da aiki sai lissafin abin da ke sa mayen ƙarfe ya ja ƙarfe. Da ya tsufa a kan takarda, ya roƙi Turawa masu awon ƙasa su taho da shi ya gani da idonsa. Yana da wata allura rataye da zare cikin akwatin gilashi, ita ke nuna masa yadda ƙasa ke ja. Mutane suka sa masa Mai Allura.

Allurar ba ta son ƙarfe kusa da ita. Saboda haka gardi Ɗan'azumi, dogarin kumandan mai jar hula, ya tattara hauyoyin gonakin wajen, ya fara da ta Gado.

"Ɗan'azumi, ni da ubanka rana guda munka sha kaciya. Hauyata za ka amshe?"

"Baba Gado, oda ce. In ya gama awo a maido maka."

"Ita ciyawa, ka kai mata odar?"

Awo bai ƙare ba. Allura ta ƙi tsayawa inda lissafi ya ce ta tsaya, kullum tana karkace. Mai Allura ya goge, ya sake rubutawa, ya kama kai. Ɗan'azumi ya ce wani ne ke ɓoye ƙarfe, ya shiga laluben masu wucewa, har wuƙar yankan kuɓewa ya karɓe wa Lantana, matar Gado. Ruwa ya ƙara sauka. Ciyawa ta kamo hatsi, ta wuce shi, ganye ya fara yin ɗorawa.

Gado ya san abin da ke damun allura. Lokacin da ubansa ya sare dajin nan ya mai da shi gona, ya binne tsohon ruwan gatari da magani a tsakiya, ya yi magana a kansa. Kafin gona ke nan. Ba a shuka a wurin, ba a tone shi. Su kuwa masu kafa tanti sun ga fili ba hatsi, suka ce ga inda ba za su yi ɓarna ba, suka kafa daidai a kansa.

Ɗan'azumi ma ya sani, don akwai irinsa a gonar gidansu. Amma mai jar hula ba ya zancen kafi a gaban Turawa, kada a yi masa dariya. Gado ya ja Mani gefe, ya gaya masa abin da ke binne a wurin, ya ce a matsar da tanti. Mani ya ce ba a gaya wa baƙon kumandan inda zai zauna.

Lantana ta wuni tana cirar ciyawa da hannu, ta dawo yatsu a tsage. Ta ajiye masa tuwo da ƙarfi.

"Baban Rabo, tsoho ya binne abin ga don mu ci hatsi. Ga hatsin yana mutuwa kewaye da shi. Mi muka tsaro?"

Gado bai ci tuwon ba. Washegari ya fiƙe icen geza, ya nufi tanti kai tsaye. Ɗan'azumi ya tare shi.

"Kauce, ɗan Hure. Icce ne. Ko shi ma an hana?"

Ya shiga, ya ture tabarmar baƙon, ya durƙusa gab da ƙafar teburin awo yana haƙa. Mai Allura ya tsaya yana kallo, ya ɗaga hannu ya hana gardi taɓa shi. Da rami ya kai gwiwar hannu, icen ya bugi wani abu. Gado ya zaro ruwan gatarin, duk tsatsa, da ruɓaɓɓiyar fata a jiki. Allura ta juyo ta bi hannunsa. Ya fita ya wurga shi can cikin ciyawa, allura ta yi lilo, ta koma, ta tsaya cik.

Mai Allura ya duba, ya duba takardarsa, ya yi dariyar murna. Sai ya ga fuskar Gado, dariyar ta mutu. Ya matsa wa Mani da tambaya har ya faɗi gaskiya. Sannan Mai Allura ya je da kansa ya ɗauko ƙarfen, ya riƙe da hannu biyu, ya sunkuya ya miƙa.

Mani ya ce, "Ya ce da an gaya mishi, da ya matsa tun ranar farko. Ya ce ka maida shi wurinshi."

"In maida shi da wace magana? Wanda ya san abin da anka faɗa a kai yana kabari. Gaya mishi ya iya tambayar ƙasa, bai iya tambayar mai gona ba. Kai kuma da aka ba baki, ka rufe shi. Ku ba ni hauyata."

Ranar aka gama awo, mota ta zo ta kwashe tanti. Gefen kudu na gonar ciyawa ta riga ta cinye shi, Gado bai ɓata ƙarfinsa a kai ba. Ya kama noma daga arewa, Lantana na bin sa da wuƙarta a ƙugu. Da ya iso ramin ya tura ƙasa da ƙafa, ya bi ta kai da hauya kamar kowane wuri, bai tsaya ba.