Shanyar Hajo

Duk garin Kudan ba wanda ya san aikin Uwaisu, har Hajo, uwar da ta haife shi. Hajo dai ta san ya daɗe yana karatu a Ingila, ya dawo bayan an sami mulkin kai da tabarau a fuska da wani baƙin akwatin ƙarfe. Da ta matsa masa, sai ya ce wai yana bin sawun wasu ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, masu faɗowa daga sama da gudun bala'i. An ɗaura gilasai irin na ɗaukar hoto a jikin balan-balan an tura su can ƙololuwa, ƙwayoyin suka ratsa su suka bar zane. Gilasan ne a akwatin, kowanne a naɗe cikin baƙar takarda, ba a wanke su ba tukuna.

"To, Allah ya sa albarka," in ji Hajo. Abu guda ne ya shiga kunnenta: in ya wanke su ya rubuta abin da ya gani, sabuwar jami'ar Zariya za ta riƙe shi, ga shi nan kusa. In ba haka ba, sai ya koma Turai ya sake daga farko. Ita kuwa tari ya riga ya ci ƙarfinta, ta san ba ta da wasu shekarun jira.

Ba a gama masa ɗakin aikinsa a Zariya ba, don haka ya ajiye akwatin a ɗakinta, inda ya fi sanyi. Ya ja mata kunne: kada laima ta taɓa shi, ko ɗis. Kai, Uwaisu! Duk karatun nan, ka tuna da laima ka manta da haske?

Marka ta sauka, soro ya yi yoyo daidai kan akwatin. Hankalin Hajo ya tashi. To me ake yi wa kayan da ruwa ya daka? Shanya mana! Rana na fitowa ta ɓalle kwaɗon akwatin da taɓarya, ta warware gilasan ɗaya bayan ɗaya, ta jera su a tabarma tsakar gida kamar barkono. Har korar kaji take yi, baiwar Allah, kada su taka wa ɗanta aiki.

Kafin azahar gilasan da suke fari-fari sun rine, sun koma kamar gindin tukunya.

Ta ƙulle guda a gefen zani, ta roƙi direban motar rake ya rage mata hanya zuwa Makarfi. A bakin kasuwa ta sami Ilisha mai hoto.

"Ɗan nan, wanke mini wannan, don girman Allah."

Ilisha ya ɗaga gilashin, ya dube ta. "Mama, wa ya buɗe shi a rana?"

"Ni ce. Ruwa ne ya..."

"Ai haske ya cinye shi. Babu abin da ya rage."

"In na mai da su duhu suka kwana fa?"

"Ko shekara suka yi, Mama."

Duk da haka sai da ta cusa su cikin rumbu ta toshe bakin da tsumma. Kullum ta leƙa, kullum suna nan baƙi ƙirin. Ta yi kuka har muryarta ta dushe, ta ce da ma hannunta ne ya karye ran nan.

Ran Juma'a Uwaisu ya iso da murnarsa, an gama ɗakin. Ba ta bari sun gama gaisawa ba ta fito masa da su. Ya ɗaga na farko, ya ɗaga na biyu, bai ɗaga na uku ba. Ya zauna a ƙasa daɓas, da wandon Turawansa.

"Ka zage ni, Uwaisu. Ka yi magana!"

"Ba komai, Inna. Laifina ne." Ya cire tabarau ya goge. "Zan koma in sake. Ba zan daɗe ba, shekara biyu ko uku."

Wai ba zai daɗe ba! Hajo ta dafa bango ta zauna kusa da shi, ta kama hannunsa ta riƙe gam.

"To ka yafe mini yanzu, tun ina jin ka da kunnena," ta ce. "Ni ma na yafe maka nonon da ka sha, duniya da lahira. Kada ka dawo kana tambayar mutane ko na yafe."