Shaidar Allura

Gavrilo ya cika tankin mota har mai ya leƙo baki, amma allurar geji ta tsaya ƙasa da rabi, ta ƙi gaba. Ya ƙwanƙwasa gilashin da farce. Ko gezau.

"Ƙyale ta," in ji mahaifinsa, Obrad, daga kujerar da ya jawo bakin gareji, bargo a gwiwa. "Tun fil azal haka take. Ba ta faɗin abin da ke cikinta."

"Ba zan ɗauko Yaya da motar da ke ƙarya ba, Baba."

Ranar slava ce, ranar waliyyin gidansu. A cikin gida maƙwabciyarsu Stamena tana soya kifi, an kunna dogon kyandir kusa da burodi. Yau ne kuma yayarsa Desanka za ta tako gidan, karon farko tun shekarun da aka sa wa ƙasar takunkumi. Gavrilo ne ya shawo kanta, da roƙo, da naci, da rantsuwa. Domin wannan ranar ya yaye wa tsohuwar motarsu ƙirar Zastava tamfol, ya ɓata bazara guda yana tayar da ita.

Abin da ya raba uba da 'ya, duk ƙauyen ya sani. Lokacin a kwalba ake sayar da mai a bakin titi, in ma an samu. Desanka ta zo gida da tsohon ciki. Wata safiya, dusar ƙanƙara har gwiwa, naƙuda ta zo mata da gardama. Obrad ya murza makulli, ya nuna wa kowa allura a kwance. Aka ɗora ta a keken doki. Kafin su kai asibitin gari, ɗan ya mutu a ciki.

Ita ta ce da ta jingina da motar ta ji mai yana kaɗawa a tanki. Gavrilo kuwa yana tsaye gefen sitiyari, yana ɗan firamare, ya ga allurar da idonsa. Gani ya kori ji, haka dangi suka yanke. Shi ya zama shaidar ubansa. Ya faɗa yana yaro, ya faɗa da gemu, ya sake faɗa makon jiya a waya, ya haɗa da sunan waliyyi.

Ya ɗaga bonet, inda tankin yake. Ya duba fis, lafiya lau. Ya kankare tsatsar bakin wayoyi, ya mayar, ya leƙa. Allura tana nan. Ya cire wayar tanki ya taɓa ta da jikin mota, sai allura ta yi tsalle har ƙarshe.

"Geji lafiyarsa ƙalau," ya ce. "Ciwon yana cikin tanki."

"Za ka makara. Motar hayar da za ta kawo ta daga garin Valjevo ba ta jiran injiniya."

"Miƙo min sifana."

Obrad bai miƙa ba. Gavrilo ya ɗauka da kansa, ya kwance notuna, ya zaro abin a hankali: ɗan gwangwani mai iyo a kan mai, a ƙarshen siririn ƙarfe. Ya girgiza shi kusa da kunne. Bai huje ba, bai sha mai ba. Sai ya dubi ƙarfen. Ya kamata ya miƙe sak. A tsakiyarsa an lanƙwasa shi sama, ga shatin haƙoran filaya, tsaf, aikin mai natsuwa.

Ya daɗe yana juya shi a hannu.

"Wa ya yi wannan?"

"Tsatsa."

"Tsatsa tana da filaya?"

Obrad ya gyara bargo. Ya yi 'yar dariya ta hanci.

"Kai ba ka san zamanin ba. In kana da mota a ƙauyen nan, kai ne motar asibiti, kai ne motar amarya, kai ne motar gawa. Ka ce babu mai, su zura kai ta taga su duba geji. Har limamin coci ya taɓa zura gemunsa. Kowa ya lanƙwasa nasa. Tambayi duk wanda ya rage."

"In allurar ta kwanta, me ya rage a tanki?"

"Ɗan abin da ba a rasa ba."

"Zai kai gari?"

Ƙamshin kifi ya shigo garejin, ya gauraya da warin mai.

"Zai kai," in ji Obrad.

Gavrilo ya ajiye sifana a kan tanki.

"Wa ka ajiye wa man?"

"Ka manta ƙirjinka? Duk hunturu kana numfashi kamar ƙofa mai tsatsa. In ya toshe, da me zan kai ka? Da doki?" Muryar tsohon ba ta rawa. "Mata suna haihuwa a gida tun kafin a ƙera mota. Na ɗauka za ta sauka lafiya. Ita waliyyin gidan mijinta take bi. Kai kaɗai gare ni. In ka tafi, wa zai kunna kyandir ɗin can?"

"Ranar ko tari ban yi ba."

"Ba ka yi ba."

"To man fa?"

"Ya kai bazara. Na kai dankali kasuwa da shi."

Gavrilo ya dubi ƙarfen da ke hannunsa. Shekarun nan duka yana ce wa dangi baƙin ciki ne ya juya wa yayarsa tunani. Ya taɓa faɗa mata a fuska, a bikin wani ɗan baffansu, ta tashi ta bar abincinta.

"Miƙe shi ka mayar," in ji Obrad, a hankali yanzu. "Filaya tana cikin akwati. Ta zo ta ci kifi, ta sumbaci hannuna, in mutu da 'ya'ya biyu. Ita ma ta gaji, ɗana. Me za ka ba ta da wannan guntun ƙarfe? Jikana zai dawo?"

Waya ta yi ƙara a aljihun Gavrilo. Ya ɗaga da hannu mai maiƙo.

"Gavro, na sauka," in ji Desanka. Muryarta ta tsufa, amma da ɗan wasa a ciki, irin wanda mutum ya yi ta gwadawa a hanya. "Sanyin tashar nan zai kashe ni. Kana tafe, ko yau ma babu mai?"

Obrad ya ɗaga yatsa ya ɗora a leɓe.

"Akwai mai, Yaya," in ji Gavrilo. "Da ma can akwai."

Daga wancan gefen babu abin da ya ji sai ƙarar motoci. Ba ta kashe ba. Ya toshe bakin tanki da tsumma, ya rufe bonet, ya ajiye lanƙwasasshen ƙarfen a kujerar gaba, inda za ta zauna. Motar ta tashi a bugu na biyu.

Obrad ya bi ta da kallo har ta sha kwana. Sannan ya juya wajen gida.

"Stamena! Rage faranti ɗaya."

Ya saurari injin yana nisa.

"Biyu," ya ce.